KAFIN KA SA HANNU A TAKARDAR KAMFANIN INSHORA: YAYA AKE GANE AN BIYA KA HAƘƘINKA?



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa masu albarka, darasinmu na yau a babin mu'amala yake. Abin da ya jawo shi kuwa wani lamari ne da ya faru da ɗaya daga cikin mamuna. Na nemi izininsa kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kar in kama suna.

Dattijo ne, direban haya, Sharon yake ja tsakanin Kano da Zariya. Wata rana bayan sallar asuba ya zauna har kowa ya watse, sannan ya zaro takarda daga aljihu ya ce: "Allah gafarta Malam, duba min wannan. Sun ce in sa hannu su turo kuɗi, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya."

Abin da ya faru shi ne, ya rage gudu a wajen Kwanar Dangora zai sauke fasinja, sai wata motar gida ta daki bayansa. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Mai motar ya amsa laifinsa, kuma inshorarsa ta gaske ce. Bakanike ya rubuta kuɗin gyara naira 1,850,000. Kamfanin inshora ya ce naira 1,150,000 zai biya. Mota na kwance a gareji, cefane ya fara gagara, ga kuɗin makarantar yara ya taso.

Tambayarsa biyu ce. Kuɗin nan halal ne in karɓa? In halal ne, an cika min haƙƙina ko an cuce ni?

DA FARKO: HALAL NE YA KARƁA?

Maganar inshora tsohuwar mas'ala ce a wajen malamai. Ibnu Abidin, malamin Hanafiyya na Sham, ya tattauna inshorar jiragen ruwa tun a ƙarni na 19. A shekarar 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinta, wato ka biya kuɗi ba ka san za ka samu wani abu ko ba za ka samu ba, don haka ba ta halatta ba. Ta ce abin da ya halatta shi ne inshorar taimakon juna, wadda muke kira takaful. Akwai malaman da suka saɓa, irin su Shaikh Mustafa Az-Zarƙa wanda ya halatta ta, amma mafi yawa suna kan hanin. Kamfanin takaful na farko a Sudan aka kafa shi a 1979, kuma yanzu a Najeriya ma akwai kamfanonin takaful masu lasisi.

To amma a lura da abu biyu.

Na ɗaya, inshorar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani a kan hanya dole ce a dokar Najeriya. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Wanda doka ta tilasta wa, babu laifi a kansa, kodayake in zai samu ta takaful ita ya kamata ya yanka.

Na biyu, shi wannan dattijo ba shi ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin ba. Shi dai an ɓata masa dukiya, haƙƙinsa yana wuyan wanda ya dake shi. Ko daga aljihunsa ya biya, ko ɗan uwansa ya biya masa, ko kamfani ya biya a madadinsa, duk haƙƙi ne ya koma wa mai shi. Wannan shi ne abin da malamai da yawa na wannan zamani suka yi fatawa da shi, kuma shi ne na natsu da shi. Inda saɓani ya fi ƙarfi shi ne mutumin da ya je da kansa, ba tilas, ya yanki cikakkiyar inshorar kasuwanci don a gyara masa tasa motar. Wannan wasu malamai sun ce kar ya karɓi fiye da abin da ya zuba. Mas'alarsa daban ce, ba ita muke yi yau ba.

Na ce masa: "Baba, karɓa halal ne. Saura mu auna."

MA'AUNIN DA SHARI'A TA BA MU

Yawancinmu in an ce kamfani zai biya, da zuciya muke aunawa. In kuɗin ya yi mana yawa a ido mu ce an kyauta, in ya yi kaɗan mu ce an zalunce mu. Shari'a tana da ma'auninta, a babin da malaman fiƙihu suke kira dhamani, wato lamunin abin da aka ɓata.

Bukhari ya ruwaito daga Anas (RA) cewa wata rana Annabi (SAW) yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa, sai wata daga cikinsu ta aiko da akushin abinci. Kishi ya motsa wa mai ɗakin, ta bugi hannun ɗan aiken, akushi ya faɗi ya fashe. Annabi (SAW) ya tattara gutsattsarin, ya tsayar da ɗan aiken har aka kawo lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa, ya aika wa mai akushin da shi, fasasshen kuma ya bar shi a ɗakin wadda ta fasa.

Ku duba hukuncin nan da kyau. Mai akushi ta samu akushi. Ba a ba ta rabin akushi aka ce ta yi haƙuri ba. Ba a kuma ba ta biyu don an ɓata mata rai ba. Fasasshen kuma bai koma mata ba, don kar ta haɗa biyu. Wannan shi ne ma'aunin gaba ɗaya: a mayar da mutum inda yake kafin a yi masa ɓarna, kar a rage, kar a ƙara. Duk biyan da ya kai nan adalci ne ko da ya yi maka kaɗan a ido. Wanda ya gaza nan tauyewa ne. Wanda ya zarce nan ta hanyar ƙarya kuma cin dukiyar mutane ne da ɓarna, abin da Allah Ya hana a Suratul Baƙara aya ta 188 da Suratun Nisa'i aya ta 29.

Da wannan ma'auni muka bi takardar da tambayoyi huɗu.

TAMBAYA TA 1: LAIFIN WA YE, KUMA KASO NAWA?

Ba a fara lissafin kuɗi sai an san mai laifi. Majalisar Fiƙihun nan da na ambata ta zauna a ƙasar Burunai a 1993 a kan haɗurran mota. Daga abin da ta yanke: bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, domin maslahar jama'a aka sa su. Direba shi ke ɗaukar ɓarnar da motarsa ta yi, sai in abin ya faru da wani dalili da ya fi ƙarfinsa wanda ba yadda zai kauce masa, ko wanda aka buge shi ne ya jawo, ko wani na uku ne ya jawo. In kuma su biyu suka yi tarayya a laifin, kowa zai ɗauki alhakin ɓarnar da ya yi wa ɗan uwansa.

Don haka na tambaye shi: "Baba, fitilar birkinka tana kamawa? Ka sa sigina? Ka sauka gefen titi ko a tsakiya ka tsaya?" Domin mu a nan mun ɗauka duk wanda ya daki baya shi ne mai laifi. Galibi haka ne, tunda wajibinsa ne ya bar tazara. Amma direban da ya taka birki a tsakiyar babban titi don ya hango fasinja, ba fitila ba sigina, yana da nasa kason, kuma bai halatta ya karɓi kuɗin gyara cif-cif yana sane da haka ba.

Ya ce fitilarsa lafiya lau, ya sa sigina, kuma ya riga ya sauka gefe. Rahoton 'yan sanda ma haka ya nuna. To an wuce wannan.

TAMBAYA TA 2: NAWA NE AINIHIN KUƊIN GYARAN?

A nan ne aikin yake. Na ce kar mu dogara da takardar bakanike guda, kar kuma mu dogara da ta kamfani. Shari'a a irin wannan tana komawa ga masana abin ne masu amana. Muka sa wani ɗan uwa da ke sayar da kayan mota a Kofar Ruwa ya tambayo farashi a shaguna uku, muka kuma sa wani mai gyaran jikin mota daban ya je ya duba. Ga abin da ya fito:

Ƙofar baya, ta hannu: 380,000
Bamba: 120,000
Fitilun baya guda biyu: 140,000
Gilashin baya: 160,000
Miƙe shasi da aikin jiki: 330,000
Fenti: 250,000
Kuɗin janwe daga wurin haɗari zuwa gareji: 100,000

Jimla: naira 1,480,000.

Sai na ce: "Baba, takardar bakanikenka 1,850,000 ce. Ina 370,000 ta shiga?"

Ya yi shiru. Can ya ce: "Malam, gaskiya giyar motar ta daɗe tana ba ni wahala. Yaron ne ya ce tunda kamfani ne zai biya, mu cusa ta a ciki. Ya ce kowa haka yake yi, ai su ma za su rage."

'Yan uwa, wannan ita ce cutar da ta kama mu. Wai kuɗin kamfani ba na kowa ba ne. Wa ya ce? In takaful ne, asusun 'yan uwanka Musulmi ne da suka zuba don taimakon juna, marayu da zawarawa na iya kasancewa a ciki. In ma kamfanin kasuwanci ne, kasancewar mu'amalarsa tana da matsala ba ta halatta maka ƙarya da rasit na bogi. A hadisin Ummu Salama (RA) da ke Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani zai iya fin wani iya tsara hujja har a yanke masa, to wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan uwansa ya sani yankin wuta aka yanka masa. In hukuncin Annabi (SAW) da kansa bai mayar da haram halal ba, sa hannun ma'aikacin inshora ne zai mayar? Bakaniken da ya rubuta, da mai motar da ya miƙa, duk suna ciki.

Dattijon nan, Allah Ya saka masa, nan take ya ce a cire.

To sai muka juyo kan kamfani. Su ma sun gano giyar sun cire ta, kuma sun yi daidai. Amma daga 1,480,000 sun sake zabge 330,000. Sun ƙi biyan janwe 100,000, sannan sun cire 230,000 wai ragin tsufa.

Ragin tsufan nan a fahimce shi, don yana da asali. In ƙofarka ta shekara ashirin aka sa maka sabuwa dal daga kamfani, motarka ta fi yadda take a da, ka ga an zarce ma'auni. Don haka in aka ce ka ɗauki wani kaso na kuɗin sabuwar, akwai fuska. Haka in tayarka ta riga ta cinye aka saya maka sabuwa. Amma a nan kayan da aka yi wa farashi na hannu ne, irin wanda ake cewa Beljiyam. Tsohuwar ƙofa za a sa a madadin tsohuwar ƙofa. Tsufan ya riga ya fita a cikin farashin. In aka sake cire wani ragin, an cire sau biyu ke nan, kuma wannan tauye haƙƙi ne ƙarara. Shi kuwa janwe, motar ba da ƙafarta za ta je gareji ba, kuma ba don haɗarin ba da bai biya ba. Yana cikin ɓarnar.

Kun ga yadda abin ya kasance? Takardar bakanike ta zarce da 370,000, ta kamfani ta gaza da 330,000. Gaskiya tana tsakani, kuma ba da raba-daidai aka gano ta ba, da bin kaya ɗaya bayan ɗaya aka gano ta.

TAMBAYA TA 3: IN SUN CE MOTAR TA TASHI AIKI FA?

Wannan bai shafi dattijon ba, amma yana faruwa da yawa. Wani lokaci kuɗin gyara yakan kusa kai kuɗin motar, sai kamfani ya ce zai biya ƙimarta ya ɗauki gawar.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin wannan tun kafin a ƙera mota, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaikh Khalil da sharhohinsa. Sun ce in ɓarnar ba ta kashe amfanin abin ba, mai shi zai riƙe abinsa a biya shi gwargwadon tawayar da ta same shi. In kuwa ta kashe amfanin da ake nufi da shi, to mai shi ke da zaɓi: ya karɓi cikakkiyar ƙima ya bar wa mai ɓarnar abin, ko ya riƙe abinsa a biya shi tawayar. Ka tuna fasasshen akushi.

Abin dubawa a nan uku ne. Ƙimar da ake nufi ita ce kuɗin irin motarka, da shekarunta da lafiyarta, a kasuwa ranar da abin ya faru. Ba kuɗin da ka saye ta shekara biyar baya ba, tunda kowa ya san yadda farashin mota ya tashi. Ba kuma kuɗin sabuwa ba. Je ka wajen dillalai biyu ko uku ka ji. Na biyu, kar a biya ka ƙimar da aka riga aka cire kuɗin gawar motar sannan kuma a ɗauke gawar. Ɗaya za a yi. Na uku, in motarka ta miliyan 7 ce kamfani ya tsaya a miliyan 3 saboda iyakar yarjejeniyarsa, kamfani bai yi ƙarya ba, amma sauran miliyan 4 ba su faɗi ba. Suna nan a wuyan wanda ya yi ɓarnar har sai ya biya ko ka yafe. Masu mota a ji wannan da kyau: takardar naira 15,000 ba ta sauke maka abin da ya haura.

Akwai kuma tawayar da ke saura bayan gyara. Motar da aka miƙe wa shasi, ranar da za a sayar da ita dillali zai leƙa ƙasa ya rage kuɗi. Wannan ragin ma haƙƙi ne da mai mota zai iya nema, in masana suka tabbatar da shi.

TAMBAYA TA 4: KWANAKIN DA MOTA TA YI A KWANCE

Motar haya ita ce gonar direba. Dattijon nan in ya cire mai da kuɗin tasha yakan koma gida da kamar naira 12,000 a rana. Gyaran sati biyu zai ci, wato 168,000.

Malamai sun yi saɓani a kan lamunin amfanin da ya kuɓuce. Shafi'iyya da Hanabila suna ɗaukar amfani a matsayin dukiya da ake lamuncewa. Hanafiyya a asali ba sa ganin haka, amma na bayansu sun keɓe abin da aka tanada don samun kuɗin shiga. Abin da ya fi kusa da adalci a wurina shi ne a biya mai motar haya kwanakin da gyara ke ci a al'ada, da ribar da aka san yana samu, ba jimlar kuɗin fasinja ba. In shi ya yi sakaci ya bar mota wata uku a gareji, wannan nasa ne. In kamfani ne ya yi ta jan ƙafa bayan ya amsa zai biya, to Annabi (SAW) ya kira jinkirin mai hali wajen biyan haƙƙi da sunan zalunci, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim.

Ko kamfani zai biya wannan kason ko ba zai biya ba, ya danganta da abin da ke rubuce a yarjejeniyarsa. In bai biya ba, maganar tana tsakaninka da wanda ya dake ka.

IN AKWAI RAUNI KO RASA RAI

A nan a ƙara natsuwa, domin jini ba ƙarfe ba ne.

Allah Ya yi hukuncin kisan kuskure a Suratun Nisa'i aya ta 92: diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffara. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, wanda ya kai kimanin giram 4,250. Gaɓoɓi ma suna da nasu a wasiƙar da Annabi (SAW) ya aika da Amru bin Hazm (RA) zuwa Yaman: hannu ɗaya rabin diyya, ido ɗaya rabin diyya, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Kuɗin magani kuwa akwai zance biyu a mazhabarmu, kuma wanda ya ce mai laifi ya biya shi ya fi dacewa da halin da asibiti yake ciki a yau.

Diyyar kuskure a asali dangin mai laifi ne ke haɗa ta, waɗanda ake kira aƙila. A zamanta na Dubai a 2005, Majalisar Fiƙihu ta ce in babu dangin da za su ɗauka, takaful ko ƙungiyoyin sana'a ko asusun ma'aikata na iya tsayawa a madadinsu. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi, wannan ƙofa ce da ya kamata ku duba.

Abu uku nake roƙo a kiyaye.

Kar wanda ya ji rauni ya rufe magana yana kan gadon asibiti. Malamai sun ce ana jiran rauni ya warke kafin a yanke abin da za a biya, don ba a san inda zai tsaya ba. Karayar da ake ganin ta wata biyu ce tana iya zama gurguntaka.

Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, kuma matarsa tana da kaso. Sayyidina Umar (RA) da kansa ya koma kan wannan lokacin da Dahhak bin Sufyan ya sanar da shi cewa Annabi (SAW) ya umarce shi ya ba matar Ashyam gado daga diyyar mijinta. Saboda haka abin da muke yi a zaman makoki, wani baffa ya miƙe ya ce "mun yafe, ƙaddara ce", alhali ga mata ga marayu ƙanana ba wanda ya tambaye su, wannan ba daidai ba ne. Baligi yana iya yafe nasa kason. Kason maraya kuwa ba wanda yake da ikon yafe shi kyauta. Yarda da ƙaddara ba ta hana karɓar haƙƙi, Wanda Ya ƙaddara mutuwar Shi Ya shar'anta diyyar.

Sannan kai direban da kuskurenka ya jawo rasa rai, ko kamfani ya biya ko an yafe maka, azumin wata biyu a jere yana kanka. Wannan ba inshorar da ke ɗauke shi.

TAKARDAR DA AKE CE KA SA WA HANNU

Takardar da dattijon ya kawo min ta sallama ce. Ma'anarta ka karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya, ba ka da sauran magana. A fiƙihu wannan sulhu ne, kuma sulhu halal ne, har ma abin so ne. Ka'ab bin Malik (RA) ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, Annabi (SAW) ya yi masa nuni ya sauke rabi, ya sauke, sannan ya umarci ɗayan ya tashi ya biya. Amma ku lura, Ka'ab ya san nawa yake bi kafin ya sauke. Rangwamen da ke da lada shi ne wanda ka yi ka san haƙƙinka. Wanda aka yi maka lissafi a duhu, aka bari yunwa ta matsa maka ka sa hannu, sunansa sulhu a takarda kawai, kuma wanda ya ci da wannan hanya zai amsa tambaya.

Don haka kafin ka sa hannu: a karanta maka takardar a fassara. Ka nemi su rubuto maka abin da suka cire da dalilinsa, ɗaya bayan ɗaya. Ka ajiye hotunan mota, rahoton 'yan sanda da rasit na gaskiya. In ba ka gamsu ba ka mayar da amsa a rubuce. In abin ya ƙi, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, kuma in kuɗin mai yawa ne ko akwai rauni, ka nemi lauya. Kai kuma mai mota, ka tabbatar inshorarka tana cikin rumbun bayanan NIID, don takardun bogi sun yi yawa, kuma ranar haɗari ake gane su.

YADDA TA ƘARE

Mun rubuta wa kamfanin takarda. A layin farko dattijon ya ce a rubuta cewa kuɗin giya ba ya cikin haɗarin, ya janye shi. Sannan muka haɗa farashin shaguna uku da rasit ɗin janwe, muka nuna cewa kayan na hannu ne. Bayan kwana goma sha biyu suka dawo da ragin tsufan gaba ɗaya, suka biya rabin janwe, kuɗi ya zama 1,430,000. Kwanakin zama suka ce ba sa ciki.

Muka kira wanda ya yi karon, muka zauna a ƙofar masallaci. Da aka yi masa lissafi ya ga saura 218,000 a kansa, ya ce wallahi shi ya ɗauka tunda yana da inshora ya fita. Ya kawo 100,000, ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan a yanzu. Dattijon ya karɓa ya ce: "Sauran na yafe maka duniya da lahira." Wannan yafiyar ita ce mai daraja, don ya san adadin abin da ya bari.

Giyar kuwa har yanzu tana nan tana ba shi wahala. Jiya da na tambaye shi, dariya ya yi ya ce yana tara kuɗinta a hankali.

Allah Ya tsare mu daga haɗurra, Ya tsare cikinmu daga haram, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanyoyinmu. Wanda yake da ɗan uwa direba ko bakanike ya tura masa. A darasi na gaba in sha Allah za mu yi bayanin yadda takaful yake aiki da inda ya bambanta da inshorar kasuwanci.

Wallahu a'alam.